Yadda Ake Sayen Gem Ta Intanet Ba Tare Da Kuɗinka Sun Salwanta Ba

Faifan gem na ja da baya. A 2020 Sony ta fitar da na'urar gem ta PlayStation 5 (PS5) iri biyu, ɗaya ba shi da wurin saka faifai, Xbox Series S ma haka ta zo. Masu kwamfuta kuwa tuni suka koma Steam, kasuwar gem ta intanet wadda kamfanin Valve ya buɗe a 2003.

Ka fara da asusu, don nan ne sababbin shiga ke yin ɓarna. Wajen buɗe asusun PlayStation za a tambaye ka ƙasa. Sai mutum ya danna duk wadda ta zo masa, ko wadda abokinsa ya ce gem ya fi araha a can. To, in an buɗe, ba a canja ta. Katin zuba kuɗi a asusu na shagon PlayStation na Amurka ba zai shiga asusun Ingila ba. Ka yi ta shigar da lambar, allon na ce maka ba ta aiki, mai katin kuma ba zai karɓi abin da ka riga ka ga lambarsa ba. Haka ƙarin kayan cikin gem: in faifanka na Turai ne, ka sayi ƙarinsa a shagon Amurka, sau da yawa ba sa haɗuwa. Saboda haka ka fara sanin katin wace ƙasa kake iya samu ba wahala, sannan ka buɗe asusun a kanta. Kuma ɗaya ya isa. Mai asusu uku ƙarshenta mantawa yake yi wanne ke ɗauke da wane gem.

Imel ɗin ya zama naka na kanka, ba na wanda ya saita maka na'urar ba. Ka kunna tantancewa mai mataki biyu, wadda ke neman lamba daga wayarka. Abin da kake saya izinin bugawa ne da ke ɗaure da asusun, ba ka iya sayar da shi kamar faifai. Wanda ya ƙwace asusun ya kwashe komai.

Kafin ka biya, duba girman gem ɗin. An rubuta wurin ajiya gigabait 825 a kwalin PS5 ta farko, amma wajen 667 ne naka. Manyan gem na yanzu wasu sun haura 100, ka lissafa har da datar da za su ci. Kada ka saya ranar fitowa, sa shi a jerin waɗanda kake so ka jira rangwame, ana yi a kai a kai.

Batun mayar da kuɗi ya bambanta. Steam na mayarwa cikin kwana 14 in ba ka buga awa 2 ba. PlayStation ma kwana 14 ne, amma da zarar ka fara saukewa galibi shi ke nan.

Bayan saukewa, ka shiga saiti ka mai da na'urar ta zama babbar na'urar asusunka, don gem ya buɗe ko babu intanet. In tsohuwar na'ura gare ka, ka tabbatar shagonta na nan: Nintendo ta daina sayarwa a 3DS da Wii U a Maris 2023, shagon Xbox 360 ya rufe a Yuli 2024.