Darasi na 9: Ado daga abin da teku ya tofo

Mu da ke zaune a zangunan Akara da Legas, teku ba nisa gare mu. Kullum igiyar ruwa na watso kaya bakin gaɓa: katantanwa, wuri, tsohon silifa, guntun raga, fasasshiyar jarka, da itacen da ruwa ya goge ya yi sumul. Yawancin mutane shara suke gani. Mai sana'ar hannu kuwa kayan aiki yake gani, kyauta.

A unguwar La ta Akara akwai wani gwani, Serge Attukwei Clottey. Yakan yanka jarkokin nan masu ruwan ɗorawa ƙanana ƙanana, ya huda, ya ɗinke su da wayar jan ƙarfe har su zama kamar babban zane. Ana baje aikinsa a ƙasashen waje. A Kenya ma ana manna silifa kan silifa, a sassaƙa raƙumin dawa da giwa.

Mu za mu fara da ƙaramin abu: ƙawata madubi.

Ku je bakin teku lokacin da ruwa ya janye. Ku sa takalmi mai rufi da safar hannu, domin akwai allura da kwalba cikin yashi. In kun ɗauki katantanwa kun ga da rai a ciki, ku mayar da ita ruwa.

Wanki shi ne rabin aikin, kuma nan ne mutane ke gaggawa. Gishiri na hana gam kamawa, ragowar nama kuma na sa wari. Ku jiƙa kayan cikin ruwan famfo da sabulu su kwana, ku goge da tsohon buroshin haƙori, ku shanya har su bushe ƙarau.

Sai ku yanko falanki wanda ya ɗara madubin faɗi da yatsa huɗu ta kowane gefe. Ku manna madubin a tsakiya. Ku jera kayan ba gam tukuna, manya a kusurwa, ƙanana su cike gurbi. Wuri ya fi kyau a layin ciki. Kakanninmu da shi suka yi ciniki a Kasuwar Kurmi, ido ya san shi. In tsarin ya yi muku, ku manna ɗaya bayan ɗaya, ku bar shi kwance har gobe.

Aikin gida: ku rubuta sunayen abubuwa 5 da kuka tsinto, da kuɗin gam da madubi, sannan ku lissafa nawa za ku sayar ku ci riba.