Kwamfutar Cikin Mota: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Ɗora Ta

Kwamfutocin da ake sakawa a motocin ɗaukar marasa lafiya, motocin kashe gobara, na 'yan sanda da manyan tireloli an ƙera su ne don jure ƙura, zafi da girgiza. Duk da haka za a ga sabuwa fil tana mutuwa da kanta ko tana ɓatar da motar a taswira. Idan aka bi diddigi, galibi laifin na haɗawa ne, musamman ta ɓangaren wuta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne jawo wuta daga soket ɗin sigari, ko a jona da duk wayar da hannu ya fara kaiwa a ƙarƙashin dashbod. Wutar mota ba tsayayya ba ce. Lokacin tayar da inji, layin volt 12 kan faɗi har zuwa wajen volt 6 na ɗan lokaci, kwamfuta ta ɗauke ta sake tashi, daidai lokacin da direba ke jiran adireshin inda za shi. Can kuma idan kan batir ya kwance alhali altanato na caji, wutar na iya tsalle ta kusan volt 100, a motar volt 24 kuwa ta kusan 200. Gwaje-gwajen ISO 7637-2 da ISO 16750-2 irin wannan suke aunawa, saboda haka a nemi sunansu a takardar bayanin na'urar. A sayi wadda ke karɓar volt 9 zuwa 36, a ja mata waya tata daga batir, a sa fis kusa da kan batir ɗin. Fis ɗin da aka liƙa a bayan kwamfuta bai kare doguwar wayar da ta ratso jikin mota ba, kuma idan ƙarfe ya goge robarta nan wuta ke tashi. Wayar ƙasa kuwa a ɗaure ta a ƙarfen da aka kankare wa fenti.

Akwai waya ta uku da masu wayarin kan bari tana lilo, ko su haɗe ta da ta batir don a huta: wayar da ke sanar da kwamfuta an murɗa makulli. Idan aka haɗe su, kwamfuta ba ta kashewa, da safe a tarar batir ya zube. Idan kuma aka ɗauki duk wutar daga makulli, to kowace kashe mota yankewar wuta ce ba zato, a kwana a tashi sai fayil ya lalace, kwamfuta ta ƙi tashi. Gyaran shi ne a kai wayar inda ta dace, a saita jinkiri: daƙiƙa kaɗan bayan inji ya tashi kafin ta kunna, da wasu mintuna bayan an kashe domin ta gama tura bayanai ta rufe kanta. A kuma saita iyakar ƙarfin batir da idan ya sauka ƙasa da ita za ta mutu da kanta.

Sai ruɗin lambobi. Lambar IP ita ke nuna kariyar na'ura daga ƙura da ruwa: IP65 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma tana jure feshin ruwa, ba nutso ba. IP67 ce ke jure zurfin mita 1 na minti 30. Kuma lambar tana aiki ne kawai idan murafen ramukan suna rufe. MIL-STD-810 kuwa tarin hanyoyin gwaji ne, kamfani ne ke zaɓar waɗanda zai yi, don haka tambarin kaɗai bai isa hujja ba. A tambayi rahoton gwajin girgiza da na bugu.

Zafi ma ana raina shi. Yawancin kwamfutocin nan ba su da fanka, haƙarƙarin ƙarfen da ke bayansu ne ke fitar da zafi. A cusa ta cikin akwati rufaffe, ko ƙarƙashin kujera inda ake jibga riguna da jakunkuna, sai ta rage gudu don kare kanta, ma'aikata su ce ta yi nauyi. Saman dashbod a rana kan haura digiri 70. A bar mata sarari ta kowane gefe, a kuma tabbatar ma'ajiyarta SSD ce mai jure zafi, ba faifai mai juyawa ba.

Wajen ɗaurewa, roba da bangon dashbod ba madafa ba ne. A kafa mariƙin kwamfutar a ƙarfen mota da noti mai kulle kansa, nesa da hanyar da jakar iska mai kare mutum a haɗari ke fashewa. Ƙa'idar EN 1789 ta motocin asibiti a Turai ta ce duk abin da aka ɗaure ya jure ƙarfin 10g, wato fizgar da ta ninka nauyinsa sau 10, domin allo mai kilo 2 ya kan zama makami a haɗari. Filogin USB na gida girgiza ce ke zare shi sannu a hankali, sai a yi amfani da mai sukurun ɗaurewa ko M12, filogi mai zagaye da ake murɗawa ya kulle, a kuma ɗaure wayar kusa da bakinta yadda nauyinta ba zai rataya a kan filogin ba.

Eriya a cikin mota asara ce: jikin ƙarfe na tare sigina, wasu gilasan gaba ma suna da shafen ƙarfe da ke toshe GPS. A hau da ita rufi, a nisanta ta da eriyar rediyon oba-oba, a gajarta wayarta, don siririyar waya mai tsawo na cinye siginar kafin ta iso. Ragowar wayar kada a lanƙwasa ta da ƙarfi.

Mai son karanta bayanan inji daga layin CAN, wato wayoyi biyun da na'urorin mota ke musayar bayanai ta kansu, kada ya yanki wayoyin mota. A manyan motoci a bi ta mahaɗar FMS, wadda aka tanada don karanta bayanan mota, idan akwai, ko na'urar da ke karatu ba ta rubutu. Bayan haɗawa, a kashe wuta a auna tsakanin wayoyin biyu: ohm 60 ake nema. Idan mita ta nuna 40, an ƙara resista ta uku a kan biyun da layin ke da su, sai a nemo ta a cire.