Kula da dandalin nazarin bayanai: kurakuran da suka fi yawa da yadda ake gyara su

A ofisoshi da dama na Zariya, daga ƙungiyoyin lafiya na Tudun Wada zuwa dillalan taki na Sabon Gari da masu bincike a Samaru, za ka tarar da mutum guda da aka ɗora wa kula da Power BI (manhajar Microsoft da ke mayar da bayanai allon rahoto) ko Google Analytics (manhajar da ke ƙirga masu ziyartar shafin intanet). Yawancin ciwon kansa daga wuri ɗaya yake tasowa: ya ɗauki masu shiga dandalin duk iri ɗaya. Alhali oga alƙaluma uku yake so kafin ya shiga taro, mai nazari so yake ya tona har ƙasa, mai shigar da bayanai kuwa burinsa kada aikin da ya wuni yana yi ya tashi a banza.

Kuskuren da ya fi muni shi ne rabon izini don kunya. Hajiya ta ce, "Malam, allon nan ya ƙi buɗuwa," sai a ɗaga mata matsayi don a huta. A Power BI matsayi huɗu ne a kowane wurin aiki, wato sashen dandalin da ake tara rahotanni: mai kula, mamba, mai ba da gudummawa, da mai kallo. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, shingen da ke taƙaita wa kowa layukan bayanan da zai gani, a kan mai kallo kaɗai yake aiki. Da zarar ka ba manajan reshen Sabon Gari ikon gyara, to ya ga cinikin sauran rassa duka, ko da ka tsara shingen da kyau. Kamar ka kulle ɗakin ajiya ne ka rataye makullin a jikin ƙofa. Gyaran shi ne kowa ya fara da kallo, wanda aikinsa ya buƙaci ƙari ya nema da dalili. A raba izini ta rukuni, ba ɗaya-ɗaya ba, kuma a gwada shingen da idon mai kallo kafin a saki rahoto. Ɗan bautar ƙasa ko ɗalibin da ya zo koyon aiki idan ya gama, a cire sunansa ranar da ya tafi. Kalmar sirri ɗaya ga ofis gaba ɗaya kuwa, a daina. Ran da aka goge wani abu ba za a san wa za a tambaya ba.

Akwai kuma maɓallin wallafa rahoto a intanet. Yana da sauƙi, shi ya sa ake danna shi a tura adireshin ta WhatsApp. Amma duk wanda adireshin ya faɗa hannunsa zai buɗe ba tare da an tambaye shi komai ba. In akwai sunayen marasa lafiya ko lambobin wayar manoma a ciki, amana ce aka zubar, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023. Mai kula yana da ikon rufe wannan ƙofar daga saitin dandali. Ya rufe ta.

Shi oga, a waya yake dubawa, sau da yawa a mota kan hanyar Kaduna. Allo mai zane ashirin ba zai karantu ba. A yi masa shafin waya daban, ko a saita rahoton ya riƙa zuwa masa ta imel.

Sai batun wuta, wanda duk ɗan Zariya ya sani. Idan bayananku a kwamfutar ofis suke, manhajar da ke haɗa su da dandalin sai na'urar tana kunne take aiki. An ɗauke wuta, sabuntawa ta faɗi. Ta faɗi sau huɗu a jere, Power BI ya dakatar da jadawalin da kansa, allo kuma ya ci gaba da nuna alƙaluman makon jiya kamar na yau. Ana iya yanke shawarar sayen kaya a kan wannan. A ɗora manhajar a na'urar da ke kan inbata, a sa imel ɗin da ake dubawa ya karɓi saƙon gazawa, a kuma rubuta ranar sabuntawa ta ƙarshe a saman kowane allo.

Mai nazari nasa daban ne. Tun da tsohon Google Analytics ya daina karɓar bayanai a 1 ga Yulin 2023, sabon yana zuwa ne da ajiyar wata 2 ga bincike mai zurfi, sai an mayar da ita wata 14. Wanda bai canza ba, ran da za a kwatanta damina da rani sai a tarar babu, kuma abin da ya goge ba ya dawowa.

Wanda aka fi mantawa da shi, a ganina, shi ne mai shigar da bayanai. Ana tara shi da oga a horo guda, ya ji nauyin tambaya, ya koma yana rubuta "Zaria" yau, "Zariya" gobe, "ZRA" jibi, dandali ya lissafa garuruwa uku. A zauna da shi shi kaɗai, da Hausa, a kan fom ɗin da yake cikewa. A mayar masa da gurbin gari jerin zaɓi, a kuma nuna masa allon da aikinsa ke fitowa.