Yadda Ake Sa Tsohuwar Kwamfuta Ta Karɓi Babban Faifan Ajiya

A wasu shagunan surfani da ƙananan maɗaba'u na Jidda da Makka, inda 'yan uwanmu ke neman abinci, har yanzu akan tarar da tsohuwar kwamfuta samfurin 486 tana sarrafa injin da bai san wata manhaja ba sai ta DOS, tsohon tsarin gudanar da kwamfuta. Ranar da faifanta ya mutu, mai shago kan sayo na hannu mai gigabait 40 ko 80 a kasuwar Harajus Sawarik, ya ɗaura, amma kwamfutar ta ƙi ganinsa, ko ta ga ɗan guntu kawai. Galibi faifan lafiyarsa ƙalau, lissafin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta ta gano kayan da ke cikinta, shi ne ke da iyakar da ba ya wucewa.

Kafin a jona wuta, a dubi makunnin bolt 115 da 230 da ke bayan akwatin a ga ya dace da wutar wurin, domin tsoffin gidaje a Saudiyya sukan haɗa layin bolt 127 da na 220. Sannan a tabbatar jan layin da ke gefen faffaɗan kebul ɗin IDE, wato mai haɗa faifai da kwamfuta, yana kan allura ta 1 a duka ɓangarorin, kuma 'yar hular saiti (jumper) da ke bayan faifan tana kan Master, ko Single a wasu faifai, idan shi kaɗai ne. Idan kwamfutar tana manta kwanan wata, a sauya batirin CMOS, wato ɗan batirin da ke riƙe saitin BIOS, tukuna, don in ba haka ba duk abin da aka saita zai goge da an kashe ta.

Mataki na biyu shi ne a shiga BIOS a karanta girman da ya nuna, domin wannan adadi ne ke bayyana inda matsalar take. Idan ya tsaya a megabait 504, ko 528 a lissafin masu ƙera faifai, to BIOS ɗin irin na kafin 1994 ne. Ana lissafa girman faifai ne da silinda, kai da sekta: shi BIOS ɗin ba ya ƙirga silinda fiye da 1024, tsarin IDE kuma ba ya ƙirga kai fiye da 16, ga sekta 63 mai bait 512 kowace, kuma idan aka ninka waɗannan, adadin da ake samu ke nan. Idan ya tsaya a gigabait 8.4, BIOS ɗin ya iya fassara lissafin amma ba shi da ƙarin umarnin karanta manyan faifai na INT 13h, shi ya sa duk faifan da ya wuce haka yake bayyana da silinda 16383. Idan kuwa kwamfutar ta sandare tun wajen neman faifai, wannan sanannen aibi ne na wasu nau'o'in BIOS na Award 4.51PG da ba sa jure abin da ya haura gigabait 32. Iyaka ta ƙarshe ita ce gigabait 137, wadda ba a tsallake ta ba sai da ƙa'idar faifai ta ATA-6 ta kawo adireshi mai bit 48.

Na uku, a fara da magani mafi sauƙi. Idan akwai zaɓin LBA a BIOS, wato ƙirga sekta a jere maimakon silinda da kai, a zaɓe shi kafin a raba faifan, kuma kada a sake taɓa shi, domin sauya shi daga baya yana hana kwamfutar tashi, wani lokaci ma ya lalata fayiloli. Faifai da yawa suna da wurin hula da ke rage girmansu zuwa gigabait 32, kuma hoton takardar da ke manne a jikinsu kan nuna shi. Idan wannan bai wadatar ba, akwai manhajoji irin su Ontrack Disk Manager da EZ-Drive masu zama a farkon faifai su gyara lissafin. Suna aiki, amma ba na son su a kwamfutar sana'a, domin duk wanda ya tayar da ita daga fulofi kai tsaye ya tsallake su, zai ga faifan a hargitse. Ya fi inganci a sa katin sarrafa faifai mai nasa BIOS, irin na Promise a ramin PCI, ko a rubuta manhajar XTIDE Universal BIOS a guntun ajiya na ROM a dasa shi a kan tsohon katin sadarwa na ISA.

Na huɗu shi ne rabon faifan. MS-DOS 6.22 ba ya yin kashi fiye da gigabait 2 saboda tsarin ajiye fayilolinsa, FAT16, kuma ba ya ganin abin da ya wuce 8.4 ko da BIOS ya gani. FAT32, wanda ke yin manyan kashi, ya zo ne da Windows 95 OSR2 a 1996, kuma FDISK, manhajar raba faifai, na Windows 98 yana kuskuren adadi idan faifai ya haura gigabait 64. A yi kashin farko, a mai da shi mai tayarwa, sannan a buga FORMAT C: /S.

A ganina, injin surfani ba ya buƙatar gigabait 80. Katin ajiya na CompactFlash mai megabait 512 ko gigabait 2 a kan mahaɗin IDE ya ishe shi, ba shi da abin da ke juyawa, ya kuma fi jure zafi da ƙura. Duk wanda aka zaɓa, kafin a mayar da ainihin fayilolin aiki, a cika shi da fayilolin gwaji, a kashe kwamfutar a kunna, sannan a gudanar da SCANDISK, manhajar duba lafiyar faifai, domin kuskuren lissafi kan ɓuya har sai rubutu ya kai ƙarshen faifai ya zagayo ya taka farkonsa.