Fasfo Biyu, Hukuma Biyu: Kurakuran da Mutanenmu Ke Yi Bayan Sun Koma Ƙasar Waje

Wanda ya yi shekaru yana bin layin biza, ranar da aka miƙa masa takardar zama ɗan wata ƙasa, sauƙin da ya samu kawai yake lissafawa: ba sauran fargabar takarda ta ƙare, ba sauran kwana a ƙofar ofishin jakadanci. Abin da lissafin ke tsallakewa shi ne yanzu hukumomi biyu ke da iko a kansa, kuma kowace tana ɗaukarsa nata ne ɗungurungum. Najeriya ba ta rage masa komai don ya zama ɗan Kanada, Kanada kuma ba ta ɗaga masa ƙafa don yana da gida a Gesse ko Tudun Wada. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski, nan kuwa lada biyu aka ci.

Kuskuren farko shi ne zaton kowane ɗan Najeriya yana da damar riƙe ƙasa biyu. Sashe na 28 na kundin tsarin mulkin 1999 ya raba mu gida biyu. Wanda ya zama ɗan ƙasa ta haihuwa, ya karɓi takardar ƙasa goma ma, nasa na nan. Wanda kuwa ya samu ta rajista ko ta daɗewar zama, da zarar ya karɓi takardar wata ƙasar da ba ta haihuwarsa ba, ta Najeriya ta faɗi nan take. Wannan ya shafi mutanen iyaka sosai. A ce baiwar Allah 'yar Gaya ko Dosso ta auri ɗan Kamba, ta yi rajista a ƙarƙashin sashe na 26 ta zama 'yar Najeriya. Ta Nijar ba ta taɓa ta ba, tunda can aka haife ta. Amma in suka koma Kanada ita da maigidan, suka yi rantsuwa rana ɗaya, shi ya tashi da ƙasa biyu, ita kuma ta yi asarar ta Najeriya. Kafin a cike fom, kowa ya san ta wace ƙofa ya shigo. A kuma duba dokar ɗaya ɓangaren: Jamus ta buɗe ƙofar ƙasa biyu ga kowa a Yunin 2024, Sin da Indiya ba su yarda ba, Saudiyya kuma sai da izinin hukuma. Haihuwa a Makka ko Jidda ba ta mayar da yaro ɗan Saudiyya, ko da iyayensa sun shekara talatin a can.

Sai maganar fasfo. Mutane da yawa suna barin koren fasfo ya mutu a akwati, sai an yi rasuwa a gida a tashi neman tikiti cikin dare. Wanda ya zo Najeriya da fasfon wata ƙasa kaɗai, baƙo ne a idon jami'in shige da fice, galibi sai da biza. Ɗaya ɓangaren ma haka: dokar Amurka ta wajabta wa ɗan ƙasarta ya shiga ya fita da fasfon Amurka. Gyaran mai sauƙi ne. A riƙe duka biyun da rai, a nuna wa kowace ƙasa nata, a kuma tanadi lambar NIN, domin ba a sabunta fasfon Najeriya sai da ita.

Inda abin ya fi cin rai shi ne saɓanin suna da ranar haihuwa. Mu mutane ne masu sa sunan gari a ƙarshen suna. A takardar firamare Muhammadu Bello, a sakandare Mohammed Bello Jega, a fasfo Bello Muhammad, a NIN kuma an rage shekara biyu saboda neman aiki. A gida ana rufe wannan da takardar rantsuwar kotu, kowa ya wuce. Ofishin fasfo na Birtaniya kuwa yana son sunan da ke fasfonsu ya dace da wanda ke ɗaya fasfon, in bai dace ba sai a tsayar da aikin. Mafi muni, idan aka gano cewa da bayanin ƙarya aka samu takardar zama ɗan ƙasa, Birtaniya da Amurka duk suna da ikon ƙwace ta, ko bayan shekaru. A zauna a daidaita takardu tun babu mai tambaya, a ajiye shaidar kowane canji da aka yi.

Akwai kuma masu cewa, "Ai ni in aka taɓa ni, ofishin jakadancinmu zai zo." Ba zai zo yadda kake zato ba, ɗan'uwa. Tsohuwar ƙa'ida ce tun yarjejeniyar Hague ta 1930: ƙasa ba ta tsaya wa ɗanta a gaban wata ƙasar da shi ma ɗanta ne. In rigimar gona ta kai ka gaban alƙali a Argungu, ko aka kai ƙararka kotun shari'ar Musulunci a Gusau kan ciyar da iyali, ɗan Najeriya ake yi wa shari'a. Fasfon ƙasar wajen da ke aljihunka ba ya cikin magana.

Haraji ne wurin da na fi ganin an yi barci, musamman masu alaƙa da Amurka. Galibin ƙasashe suna bin inda mutum yake zaune. Amurka tana bin ɗan ƙasarta duk inda ya shiga. Ba'amurken da ya dawo ya buɗe kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi, wajibi ne ya ci gaba da aika bayanin kuɗin shigarsa duk shekara muddin ya kai adadin da doka ta yanka. Sau da yawa ba ya biyan ko sisi, saboda akwai rangwame kan abin da aka samu a waje da kuma harajin da aka riga aka biya, amma rangwamen sai wanda ya cike takarda yake samu. Sannan akwai rahoton FBAR: in jimillar kuɗin da ke asusunka na wajen Amurka ta haura dala 10,000 ko na yini ɗaya a shekara, sai ka sanar. Jimilla aka ce, wato a haɗa na naira da na dala. Har asusun da ba naka ba amma kana da ikon sa hannu a kansa yana ciki, kamar na kasuwancin albasa da kuke yi da Yaya a Aliero. Boris Johnson, tsohon magajin garin Landan wanda aka haifa a New York, sai da Amurka ta bi shi harajin gidan da ya sayar a Landan, daga baya ya ajiye takardar a 2016. In wanda ya riƙe birnin Landan bai tsira ba, ina ga ni da kai.

Abin da ya fi ba ni tausayi su ne yaran da aka je aka haifa a Amurka don su samu takarda, aka dawo da su suna jarirai. Yaro ya tashi a Gusau, bai san ko'ina ba sai Kaduna, amma Ba'amurke ne a doka. Duk waɗannan wajibai suna jiransa, har da rajistar da ake yi wa maza 'yan shekara 18 zuwa 25 saboda ko ta kwana ta aikin soja. Iyaye su gaya wa 'ya'yansu tun kafin su fara sana'a. Wanda kuma ya riga ya yi shekaru bai aika komai ba cikin rashin sani, hukumar harajin Amurka tana da hanya ta musamman ta gyara ga irinsa. A nemi akawun da ya san harajin Amurka, kada a jira wasiƙa.

Ta ɓangaren gida, tafiya ba ta yanke haraji a kan abin da ke fitowa daga Najeriya. Kuɗin hayar shaguna, ribar gona, sayar da fili, duk na nan. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, ba kwana 183 kaɗai take dubawa ba wajen sanin mazaunin ƙasa. Tana duba ko kana da gidan zama na dindindin, da inda iyalinka da dukiyarka suke. Wanda ya bar uwargida da yara a Birnin Kebbi yana aiki a Manchester ya kamata ya tambayi masani matsayinsa. Najeriya tana da yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu da Birtaniya da Kanada da Faransa, amma ba ta da ita da Amurka. Fili kuma, a biya kuɗin ƙasa a kan kari, a sa wakili da rubutacciyar takardar wakilci mai iyaka. "Na bar wa ƙanena amana" ba hujja ba ce a ofishin filaye.

Tsabar kuɗi: abin da ya haura dala 10,000 sai an bayyana wa kwastam, shiga ko fita. Saƙon mutane da ka tattaro duk naka ne a lissafi.

Yanzu ga inda al'ada da doka suka fi karo. Abin da yake halal kuma daidai da doka a Bunza ko Talata Mafara yana iya zama laifi a Birmingham. Mutum ya zo hutun sallah, a ɗaura masa aure na biyu, ya koma yana shirin ɗauko amarya. Birtaniya ba ta ba mata ta biyu bizar aure matuƙar ta farko tana can, kuma wanda Ingila ta zama mazauninsa na dindindin, auren da ya ƙara a waje ba shi da matsayi a dokarsu. A Amurka auren fiye da mace ɗaya laifi ne a duk jihohi 50, fom ɗin neman zama ɗan ƙasa ma yana tambaya a kai. Ban ce kowa ya bar abin da addini ya halatta masa ba. Na ce ya san abin da zai biyo baya, kuma kada ya yi ƙarya a fom, domin ƙaryar ce ke rusa komai. Ita ma amaryar tana da haƙƙin a gaya mata gaskiya kafin a kai lefe, maimakon a ajiye ta shekara biyar ana ce mata takardu na hanya.

Saki ma haka. Wanda ya furta saki ko ya rubuta takarda a cikin Ingila, a wurin hukuma auren na nan sai kotu ta raba. Auren da aka ɗaura a masallacin da ba a bi ƙa'idar rajista ba kuwa, kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta yanke a 2020 cewa ba aure ba ne a doka, kuma mata ne suka fi cutuwa da wannan ranar rabuwa. Tun Fabrairun 2023, shekarun aure a Ingila da Wales sun koma 18 babu togiya, kuma shirya wa yarinyar da ke zaune can aure kafin nan laifi ne mai ɗaurin da zai kai shekara 7, ko da a ƙauyen kakanninta aka ɗaura. Haka ɗauko yaro a kawo wa Hajiya "ya samu tarbiyya" ba da yardar mahaifiyarsa ba: sunansa satar yaro a dokarsu, ko da uban ne ya yi.

Gado fa? Wanda ya rasu a Ingila bai bar wasiyya ba, ba za a raba dukiyarsa ta can yadda malamai ke rabawa a Gwandu ba. In ya bar mata da 'ya'ya, matar ce ke ɗaukar kayan amfaninsa da fam 322,000 na farko da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ragowar. Mahaifiyar da ke gida, wadda Alƙur'ani ya yanka wa sudusi, ba ta da ko kwabo. Maganin shi ne wasiyya rubutacciya bisa ƙa'idar ƙasar, da lauyan da ya fahimci rabon gadon Musulunci. Gidaje da gonakin da ke Najeriya kuma dokar nan ce ke hukunci a kansu.

Bautar ƙasa tana kama waɗanda suka yi karatu a waje. An kafa ta a 1973, kuma wanda ya gama digiri bai haura shekara 30 ba sai ya yi, a Sakkwato ya karanta ko a Alƙahira. Ba mai bin ka can ya kamo ka. Ranar da ka dawo neman aiki ko aka ba ka muƙami ne za a ce ina takarda. Kemi Adeosun, haihuwar Landan, ta ajiye kujerar ministar kuɗi a Satumbar 2018 a kan takardar yafewa. A 2021 kotu ta ce tun asali bautar ba ta hau kanta ba, amma kujera ta riga ta tafi. Shekara ɗaya da ta fara daga sansanin Dakingari ta fi wannan sauƙi, kuma kada a ba wani kuɗi ya "samo" takarda.

Masu niyyar dawowa siyasa su karanta sashe na 66 da 107 da 182 na kundin tsarin mulki, waɗanda suka yi magana a kan wanda ya karɓi takardar wata ƙasa da son ransa. Kotun ɗaukaka ƙara ta fassara su a 2004 cewa ba su hana ɗan ƙasa ta haihuwa takara ba, amma abokan hamayya ba sa fasa kai ƙara, don haka a faɗi gaskiya a fom ɗin hukumar zaɓe. In an ci, ko an samu kwamishina, kundin ya haramta riƙe asusun banki a ƙasar waje, sai a rufe. Zaɓe daga waje kuwa babu shi har yanzu, sai an zo rumfa da kai.

Wanda ya ga nauyin ya yi masa yawa yana iya ajiye ɗaya, amma barin fasfo ya mutu ba ajiyewa ba ne. Na Najeriya, sashe na 29 ya ce sai baligi ya gabatar da buƙata a rubuce, ana bi ta ma'aikatar harkokin cikin gida, kuma sai shugaban ƙasa ya sa an yi mata rajista take tabbata. Na Amurka sai an je ofishin jakadanci da kai an yi rantsuwa a gaban jami'i, an biya kuɗi, sannan a cike takardun harajin ƙarshe da suka haɗa da shaidar shekaru 5 da suka gabata.