Idan gwiwa ta tara ruwa: abin da za ka yi

Shekara 26 ke nan ina sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma gwiwata ta dama ta daɗe tana ƙara kamar ƙyauren da ya sha damina. Likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, wato guringuntsin da ke kan ƙashi ya side. Takan kumbura lokaci-lokaci, ta cika da ruwa har sujada ta gagare ni.

Da farko dai taɓa gwiwar da bayan hannunka, ka kwatanta da ɗayar. In ta yi ja, ta ɗau zafi sosai, ga zazzaɓi, kuma ba ka iya taka ƙafar, kada ka kwana a gida. Mai yiwuwa ƙwayar cuta ce ta shiga gaɓar, ita kuwa cikin 'yan kwanaki take cinye guringuntsi. Asibitin ƙashi na Igbobi na nan, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) ma na Idi-Araba.

Kada ka bari wanzami ya yi maka tsaga ko ƙaho a kanta. Maƙwabcina ya ba ni wannan shawara da zuciya ɗaya, amma ruwan a can cikin gaɓa yake, ƙaho ba ya kai wa gare shi, aska kuwa ƙofa take buɗe wa cuta.

In likita ya zuƙe ruwan da sirinji, roƙe shi a kai ɗakin gwaji, ka kuma dube shi da idonka. Nawa fatsi-fatsi ne, garai-garai, yana yauƙi kamar farin ƙwai, kuma haka na amosani yakan zama. Wanda ya yi duhu-duhu ya tsinke, kumburi ne mai ƙarfi. A gwaji ana ƙirga fararen ƙwayoyin jini: ƙasa da 2,000 a ma'auninsu alamar amosani ce, sama da haka sai a nemi wani dalilin, kamar cutar gawut, wadda wani irin gishiri da ke taruwa a cikin gaɓa ke kawowa. In lissafin ya haura 50,000, ƙwayar cuta ake fara zargi.

Abin da ya ɗau ni lokaci kafin na gane shi ne, ruwa daban, hoton ƙashi daban. Hoton, wanda ya kamata a ɗauka kana tsaye, shi ke nuna yawan sidewar, daga mataki na 0 zuwa na 4. Ni ina na 3. Akwai dattijo a layinmu da ya kai na 4 amma yana tsallake gadar sama ta Ketu ba ya ko nishi. Ruwan kuwa labarin fatar cikin gaɓa yake bayarwa: in ta harzuƙa sai ta riƙa zubo shi, ciwo ya tsananta, kuma gwiwar da ke yawan yin haka takan fi saurin lalacewa. Saboda haka rubuta ranar kowane kumburi. Ni a bayan littafin bashi nake rubutawa.

Ranar da ta taso, naɗe ƙanƙara a tawul ka ɗora minti 15, ka ɗaga ƙafar a kan matashi. Riƙe sanda a hannun da ke ɗaya ɓangaren. Diclofenac na shafawa ya fi na haɗiya sauƙin illa, don na haɗiyar yana taɓa ciki da ƙoda, balle ga mai hawan jini. Allurar cikin gwiwa takan lafar da ciwo na 'yan makonni, ba a kuma maimaita ta kafin wata 3.

Da ta sace, koma motsa cinya: zauna a benci, miƙe ƙafar, ƙirga goma, sauke. Kowane kilo ɗaya da ka rage, gwiwa na samun sauƙin kusan kilo 4 a kowane taku. Na rage tuwon dare, buhu kuma yara ke saukewa yanzu. Salla a kan kujera nake yi in ta kumbura, Malam ya ce babu laifi.