Wanke bututun ƙazanta don kada kankare ya ruɓe: inda aka fi yin kuskure

Duk wanda ya taɓa haska tocila cikin tsohon bututun ƙazanta na kankare ya san abin da nake nufi, rufin ya koma fari-fari kamar an shafa masa kullu, in ka taɓa da ƙarfe sai ya zubo, tsakuwa a waje, wani wajen ma rodi ya leƙo duk tsatsa. Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce a kawo injin feshi a wanke, shikenan. To wankin yana da amfani, amma yadda ake yinsa ne matsalar.

Kuskuren farko shi ne ba a san me ake wankewa ba. Ba ruwan ƙazantar ne ke cin kankaren kai tsaye ba. A ƙasan ruwa akwai wata yauƙi da ke manne a jikin bututu, cikinta akwai bakteriya masu juya salfet, wani sinadari da ke cikin ruwan, ya zama iskar haidirojin salfaid, wannan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar ta taso ta narke a gumin da ke jikin rufi, sai wasu bakteriya daban su karɓe ta su mayar da ita asid ɗin salfa, irin na batirin mota. Sabon kankare pH ɗinsa, wato ma'aunin tsami wanda lambarsa ke sauka in asid ya yi yawa, ya kai 12 zuwa 13, bakteriyar ba sa iya zama a kai, amma a hankali yana sauka zuwa wajen 9 su fara kama wuri, daga nan har 2 ko 1. Tun 1945 wani masani, C. D. Parker, ya gano wannan bakteriya mai yin asid a magudanun Melbourne a Ostireliya. Wannan farin kullun kuwa jifsam ne, wato simintin da asid ya riga ya cinye.

Shi ya sa nake jin haushi in na ga an tura tiyo an wanke ƙasa tas, an kwashe yashi da maiƙo, an bar sama. Cin yana sama ne, can tsakiyar rufi da kuma daidai layin da ruwa ke hawa da sauka. Ƙasan da ke nutse kullum galibi lafiyarsa ƙalau. A sa bakin feshin da ke juyawa ya bugi rufi da gefe, in ba haka ba an yi aikin buɗe hanya ne kawai.

Na biyu kuma shi ne wanda ya fi cin kuɗin mutane, wato ɗauka cewa wanki ɗaya ya gama magana. Bayan wanki pH yana ɗan hawa, cin yana lafawa, kowa ya yi murna ya tafi. Amma bakteriyar ba ta ƙare ba, tana maƙale a ƙananan ramukan kankaren, iskar ma tana nan tana tasowa, gumi yana nan, cikin 'yan watanni komai ya koma yadda yake. Masu bincike a Jami'ar Queensland sun gwada wannan a kan guntayen kankare na tsawon shekaru, sun ga ƙarfin shan iskar yana dawowa bayan wanki, kuma a ƙarshe babu wani bambanci na a zo a gani a yawan kankaren da ya zube tsakanin wanda aka wanke da wanda ba a wanke ba. Don haka ni a wajena wanki share fage ne, dole wani abu ya biyo baya da wuri tun kafin wurin ya sake tsami, ko a fesa magniziyam haidiroksaid ya riƙe pH a sama, ko a yi filasta da siminti mai kalshiyam aluminet, ko a shafa efoksi, wani irin fenti mai kauri, in yanayin ya ba da dama.

Sai batun matsin ruwa. Wasu gani suke ƙarfi shi ne aiki, su murɗa injin har ƙarshe su tsaya wuri ɗaya, su kankare ruɓaɓɓen har da mai kyau, kaurin da ke kare rodi ya ragu. Wasu kuma tsoro ya sa su bar kullun rabi da rabi su ɗora filasta a kai, bayan ɗan lokaci ta ɓamɓaro gaba ɗaya tunda ba ta kama komai ba. Ga hanya mai sauƙi, bayan wanki a fesa ruwan finolftalin, wani sinadarin gwaji mai canza launi, a wurin, inda ya zama ruwan hoda an kai ga lafiyayyen kankare, inda bai canza launi ba akwai sauran aiki. Kuma a fara gwadawa a ɗan ƙaramin wuri kafin a bi duk layin.

Abin da aka fi mantawa shi ne tushen iskar. In laka na kwance a ƙasa, ruwa na tafiyar hawainiya, ko yana faɗowa daga sama da ƙarfi a ramin shiga yana watsa gas, to ko kullum za ka wanke rufi aikin baban giwa kake yi. A kwashe lakar, a gyara shigar iska, a rage faɗowar ruwa, inda ya yi tsanani a riƙa zuba gishirin ƙarfe ko naitiret a cikin ruwan don rage salfaid. A kuma riƙa auna pH da takardar gwaji kafin wanki da bayansa, a rubuta, a dawo a sake aunawa.

Don Allah kada kowa ya shiga rami ba tare da na'urar auna gas ba. Feshi yana tayar da laka, gas ɗin ya ƙaru lokaci guda, ga shi ya fi iska nauyi yana taruwa a ƙasa, kuma in ya kai wajen 100 ppm, wato kashi 100 cikin miliyan na iskar wurin, hanci ma daina jin warin yake yi, mutum ya ɗauka wurin ya yi sauƙi alhali lokacin ne ya fi haɗari. A hura iska tukuna, a ɗaura wa mai shiga igiya, wani ya tsaya a bakin ramin har ya fito.